Gane Baƙon Tsiro Daga Kwanson Irinsa: Tambayoyi da Amsoshi

Fure ba ya daɗewa. Kwana kaɗan ko 'yan makonni ya bushe ya zube, amma kwanson da ya bari yakan yi watanni a rataye, wani lokacin har bayan ganye ya kaɗe. Shi ya sa mai yawo a daji ko a gefen gona ya fi cin karo da kwanso a kan fure, ya tsaya yana juya shi a hannu yana tambayar kansa ko na mene ne. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan haka.

Da gaske ana iya gane tsiro daga kwansonsa kawai?

Ana iyawa, amma akwai inda ake tsayawa. Masana sun jera tsirrai hawa-hawa: akwai dangi, a cikin dangi akwai jinsi, a cikin jinsi akwai nau'i. Kwanso mai kyau wanda ya nuna zai kai ka ga dangi kusan ko da yaushe, sau da yawa ya kai ka ga jinsi. Nau'i kuwa, sai an haɗa da ganye ko fure ko wurin da tsiron ya fito.

Abin da ya sa ake dogara da kwanso shi ne ba ya saurin sauya kama. Ganye yana faɗi a inuwa, ya ƙanƙance a fako, ya sake siffa idan dabba ta ci ya sake tohowa. Kwanso kuwa daga cikin fure ya samo tsarinsa: yawan ɗakunansa, inda ƙwaya ke manne, da yadda zai tsage, duk an gama tsara su tun yana fure. Wani likita Bajamushe, Joseph Gaertner, shi ne ya fara mayar da nazarin 'ya'yan tsirrai da irinsu fanni mai zaman kansa. Ya fara fitar da aikinsa a 1788, inda ya bayyana 'ya'ya da iri na tsirrai sama da 1,000.

Matsalar nau'i ita ce yawa. Dangin wake kaɗai suna da nau'i sama da 19,000, su ne na uku a girma cikin tsirrai masu fure. Jinsin Crotalaria, wanda biya-rana ke cikinsa, yana da kusan nau'i 700, kuma da yawansu kwanso iri ɗaya suke yi: kumburarre, ƙwaya na kaɗawa a ciki idan ya bushe. Ka ji wannan ƙarar ka ce Crotalaria ne, da wuya ka yi kuskure. Ka ce ga takamaiman nau'insa daga ƙarar kawai, to cika baki ne.

Kwanso iri nawa ne?

A baki duk busasshen abu mai ɗauke da iri kwanso ne. A wurin masana kuwa akwai rabe-rabe da yawa, amma huɗu ne za ka fi gamuwa da su, kuma wanda ya riƙe waɗannan huɗun ya yi rabin aiki.

Na farko irin na wake. Ɗaki ɗaya ne, ƙwayoyi a jere layi guda, dukkansu manne da ɗinki ɗaya, kuma idan ya bushe yana tsagewa ta ɗinki biyu, gaba da baya, ya rabu gida biyu. Sau da yawa ɓangarorin biyu sukan murɗe su watsar da iri.

Na biyu mai tsagewa ta gefe ɗaya tak, ya wangale. Tumfafiya ce misalin da kowa ya sani: kumburarren abu kore mai iska a ciki, idan ya fashe sai ga iri falle-falle a jere, kowanne da tukun farin gashi mai sheƙi. Danginta da yawa sukan yi kwanso biyu-biyu daga fure ɗaya, suna fuskantar gefe da gefe kamar ƙaho. Idan ka ga haka, ga kuma farin ruwa yana fita daga inda ka karya, ka kusa gama gano dangin.

Na uku irin na dangin kabeji da mustad. Shi ma siriri ne dogo, yana rabuwa biyu, amma ɓangarorin kan faɗi su bar wani siririn tantani a tsakiya, a tsaye a kan tsinken, ƙwayoyi manne a gefunansa biyu. Gasaya da 'yan uwanta suna yin mai kama da shi, sai dai su zoben gefen kawai ke saura, babu tantanin.

Na huɗu shi ne mai ɗakuna da yawa, kuma shi ya fi faɗi. Kuɓewa, auduga, riɗi, rimi, zurma, zaƙami, maɗaci, duk nan suke. Wani yana tsagewa daga sama zuwa ƙasa gida uku ko huɗu ko biyar, wani marfi yake ɗagawa, wani kuma ƙananan ƙofofi yake buɗewa a ka, iska ta kaɗa shi iri ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan. A nan ƙirga ɗakuna yana da amfani sosai: zurma uku ne, kowane ɗaki ƙwaya ɗaya, rimi biyar, maɗaci yawanci huɗu, katako ne mai tauri, cike da iri falle-falle masu siririn fiffike a gefe.

Bayan waɗannan akwai masu fiffike da ba sa buɗewa sam. Taramniya tana da fiffike huɗu, baushe biyu. Su iska ce ke ɗaukar su gaba ɗaya.

Na tsinci kwanso, me zan fara dubawa?

Kada ka fara da launi. Launi ne abin da ido ke fara kamawa, kuma shi ne ya fi yaudara, don kore yana komawa rawaya, rawaya ya koma ruwan ƙasa, rana da ruwa su mayar da kusan kowane kwanso toka-toka.

Fara da yadda yake buɗewa: ɗinki nawa, daga ina tsagar ta faro, ko kuwa ba ya buɗewa ne. Sannan ka yanka shi a gicciye da wuƙa mai kaifi ka ƙirga ɗakuna. Sai ka duba inda ƙwayoyin ke manne, ko a gefe ɗaya, ko a ginshiƙin tsakiya, ko a jikin bango kewaye.

Akwai wata alama da mutane ke tsallakewa, alhali tana raba dangogi da yawa nan take. Nemi ragowar fure. Idan busassun 'yan ganyayyakin da suka tallafi fure suna gindin kwanso, wajen tsinke, wannan tsari ɗaya ne, kuma duk dangin wake haka suke. Idan kuwa ragowar tana can ƙarshen kwanso, nesa da tsinke, kamar yadda ake gani a gwaiba ko rumman, to ka fita daga dangin wake, komai kamar da ya yi da su.

Daga nan sai fata: santsi, gashi, ƙaya, ko danƙo. Sai awo, tsawo da faɗi da santimita, ba da ƙiyasin ido ba. Sai yadda suke zaune a reshe: ɗaya-ɗaya, ko tari, suna kallon sama ko suna reto. Ɗorawa takan fitar da dogayen kwanso tari guda daga wani dunƙule a ƙarshen dogon tsinke. Ɗunɗu kuwa nasa a murɗe suke, a cukurkuɗe da juna wuri ɗaya. Wanda ya tsinke guda ɗaya ya tafi da shi ya zubar da wannan shaida.

Duk dogon kwanso na dangin wake ne?

A'a, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi. Zogale yana da dogon kwanso amma ba ya cikinsu: kusurwa uku gare shi, yana tsagewa gida uku, kowace ƙwaya da fiffike uku. Sansami yana yin dogon kwanso siriri mai murɗewa, amma ka buɗe sai ka tarar da wani ginshiƙi a tsakiya da iri masu fiffike kamar takarda. Lalo ma siriri ne dogo, sai dai ɗakunansa yawanci biyar ne. Banila, mai ƙamshin nan da ake sa wa abinci, da ake cewa tana da kwanso, dangin furannin da ake kira okid ce, irinta ƙanana ne ƙwarai, ba iyaka.

Ta ɗaya gefen kuma, akwai 'yan dangin wake na asali da ba su bi ƙa'idar tsagewa ba. Tsamiya ba ta tsagewa. Gawo ma haka, nasa mai launin lemo ne, a nannaɗe, sai dabba ta ci ta kai irin gaba. Na ƙirya kauri ne da tauri, sai an fasa. Bagaruwa a yawancin ire-irenta kwanson yana tsukewa tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Tawatsa babban kwanso ne falle, yana ɓallewa gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa da ƙwaya ɗaya, ya bar zoben gefen a rataye babu komai a ciki. Madobiya ta fi su ban mamaki: zagayayyen faifai ne mai fiffike kewaye, da ƙayoyi a tsakiya, wanda bai sani ba ba zai taɓa haɗa ta da wake ba.

To ta yaya za a gane su? Ɗaki ɗaya, ƙwaya manne da gefe ɗaya, ragowar fure a gindi. Idan akwai ganye a kusa, duba ko a rarrabe yake zuwa ƙananan ganye, kuma ko gindin tsinkensa ya ɗan kumbura. Wasu kwanson suna da 'yan shingaye tsakanin ƙwayoyi, amma a gicciye suke, ba a tsaye ba, don haka kada a ƙirga su a matsayin ɗakuna.

Ita ƙwayar fa, me take nunawa?

Abu da yawa, idan akwai gilashin ƙara girma. Mai ninka abu sau 10 ya isa.

Kowace ƙwaya tana da cibiya, wato tabon inda ta rabu da kwanso. A ɓangaren wake da waken suya cibiyar a fili take, wani lokaci da farin zobe. A ɓangaren bagaruwa, gawo da ɗorawa cibiyar ƙarama ce a can baki, amma a kowace fuskar ƙwayar akwai wani siririn zane mai lanƙwasa, buɗe ta gefen cibiya. Ganin wannan zanen kaɗai ya rage maka aiki sosai. Ƙwayar zurma tana da zane-zane masu sheƙi da wani ɗan farin ƙullutu a ka. Ta kawo baƙa ce wuluk da hula mai launin lemo a gindi, wadda ke jawo tsuntsaye. Ta idon zakara ja ce jawur da baƙin tabo wajen cibiya.

Gashi ma shaida ne, amma a lura da inda yake. Na tumfafiya tuku ne a kan ƙwayar, gefe ɗaya. Na auduga ya lulluɓe ƙwayar duka, kuma daga jikinta ya tsiro. Na rimi daga bangon kwanso ya fito, ƙwayar kwance take kawai a cikinsa, shi ya sa take zamewa da sauƙi.

Kwanson ɗanye ne, bai buɗe ba. Yaya zan yi?

Idan tsiron yana inda za ka iya komawa, ka bar shi ya nuna a jikin uwarsa. Idan ba haka ba, ɗebi waɗanda suka fi ƙosawa ka sa a ambulan na takarda, ka ajiye a inuwa mai iska. Kada ka sa a leda, zai yi gumi ya yi fumfuna cikin kwana kaɗan. Ka rufe bakin ambulan ɗin, don wasu da ƙarfi suke fashewa su yi jifa da iri. Guda ɗaya kuma ka yanka shi tun yana ɗanye, ɗakuna sun fi fitowa sarai a lokacin.

Na ga kwanson a ƙasa, babu tsiron da ya yi kama da uwarsa a kusa.

Ɗaga kai tukuna. Sau da yawa uwar tana sama, ko dai bishiyar da ta kaɗe ganye, ko wani mai yaɗo da ya hau wata bishiya ya ɓuya a cikin ganyenta. Wannan na biyun yana rikita mutane: su ga kwanso a reshen bishiya su haɗa shi da ganyen bishiyar, alhali na baƙon da ya hau ta ne. Bi tsinken da hannu har inda ya fito kafin ka yarda cewa ganyen da kwanson na abu ɗaya ne.

Idan da gaske babu, to wani abu ya kawo shi. Mai fiffike ko gashi, iska. Mai ƙaya ko danƙo, jikin dabba ko tufafin mutum. Mai zaƙi a ciki, cikin dabba. A bakin rafi ko teku kuwa nisan ba ya misaltuwa. Entada gigas, mai yaɗo ce ta ƙasashe masu zafi wadda kwansonta kan kai mita biyu, kuma ana tsintar irinta a gaɓar tekun yammacin Turai, ruwa ya ɗauko shi daga yankin Karibiyan.

Akwai haɗari a taɓa kwanson da ban sani ba?

Yawancinsu ba sa yin komai a hannu, amma kaɗan ɗin da ke yi sun isa a yi hattara. Ƙarara tana da gashi mai launin ruwan zuma a jikin kwanso, yana ɓallewa ya shige fata, ƙaiƙayinsa ba a mantawa da shi. Duk kwanson da ka ga yana da gashi mai sheƙi a tsaitsaye, ɗauke shi da tsinke ko takarda. Farin ruwan tumfafiya idan ya shiga ido yana iya dusashe gani na kwanaki, sai a wanke da ruwa mai yawa a nemi likita.

Babban haɗarin yana baki. Ƙwayar zurma tana da gubar risin, ta idon zakara tana da abrin, wadda ta fi risin ƙarfi, kuma ƙwaya ɗaya da aka tauna tana iya kashe mutum. Duka biyun suna hana ƙwayoyin halittar jiki ƙera furotin, kuma babu maganin da ke karya su kai tsaye. Zaƙami, mai zagayayyen kwanso da ƙayoyi, irinsa yana kawo bushewar baki, buɗewar ƙwayar ido, bugun zuciya da gushewar hankali. Biya-rana kuwa a hankali take aiki, tana lalata hanta, a mutum da a dabba.

Don haka ɗanɗano ba ya cikin hanyoyin gane tsiro. Wanke hannu bayan an gama, kuma a ajiye abin da aka tsinto inda yara ba za su kai ba, musamman masu launi mai ɗaukar ido.

Na ga tsuntsaye da awaki suna ci. Ba shi ke nan babu guba ba?

Ba shi ke nan ba. Tsuntsu yakan haɗiye ƙwaya mai tauri ya kasayar da ita yadda take, gubar ba ta fito ba. Cikin akuya kuma ba irin na mutum ba ne. Ban da haka, ka ga lokacin da ta ci, ba ka ga abin da ya same ta bayan mako ba.

Yaro ya haɗiye ƙwayar da ba a sani ba. Me za a yi?

A tafi asibiti nan take, a riƙe kwanson da sauran ƙwayoyin, da reshe mai ganye idan akwai. Kada a tsaya neman sunan tsiron a waya, kada kuma a sa shi amai da ƙarfi ko a ɗura masa wani abu. A gaya wa likita ƙwaya nawa ake zato, ko ya tauna ko haɗiyewa ya yi, da lokacin da abin ya faru. Kada a ce ai ga shi yana wasa lafiya lau: gubar zurma da ta idon zakara sukan ɗauki sa'o'i, wani lokaci fiye da kwana, kafin alama ta fito.

Manhajojin waya suna gane kwanso?

Suna ƙoƙari. Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka samar, tana ba ka damar nuna cewa hoton na 'ya'ya ne, ba na ganye ko fure ba. A iNaturalist na'ura ce ke fara ba da shawara, daga baya mutane su duba su gyara, kuma a ganina wannan gyaran na mutane ya fi shawarar na'urar daraja. Google Lens yana da sauri, amma ya fi saurin kawo tsiron da ya yi suna a intanet ko da ba ya fitowa a nahiyar da kake.

Rauninsu daga hotunan da aka koyar da su ya samo asali. Mutane sun fi ɗaukar fure a kan busasshen kwanso, kuma an fi ɗaukar tsirran Turai da Amurka ta Arewa a kan na sauran wurare. Saboda haka ka ɗauki amsar manhaja a matsayin zato. Idan ta ba ka suna, shiga shafin Plants of the World Online na lambun Kew da ke Ingila, ko taswirar GBIF, shafin da ke tara bayanan inda aka samu halittu a duniya, ka ga ko an taɓa samun wannan tsiron a yankinka. Idan ba a taɓa ba, ya fi yiwuwa manhajar ce ta kuskure a kan a ce kai ne ka gano sabon abu.

Hoto kuma a yi shi da kyau: ɗaya na tsiron gaba ɗaya, ɗaya na kwanso a jikin reshe, ɗaya a buɗe da ƙwayoyi a ciki, ɗaya na ganye gaba da baya. A ajiye rula a gefe. Hoton kwanso a tafin hannu, cikin duhu, ba awo, ko masani sai dai ya yi canki.

Idan nau'i biyu sun yi kama sosai, ta ina ake raba su?

Ɗauki tafasa da rai-ɗore, duka jinsin Senna ne, duka suna da fure rawaya, kuma sukan fito wuri ɗaya. Kwanson tafasa siriri ne sosai, kusan mulmulalle, dogo, ya lanƙwasa ƙasa, ƙwayoyinsa masu kusurwa da sheƙi. Na rai-ɗore ya fi faɗi, a ɗan baje, yana ɗaga kai sama, tsakiyarsa duhu gefunansa haske, ƙwayoyin a ɗan baje ba sheƙi. A nan kwanso kaɗai ya raba gardama. Ganye ma ya ƙara tabbatarwa: tafasa tana da ƙananan ganye shida, biyu-biyu, masu zagayayyen baki, na rai-ɗore sun fi yawa kuma masu tsini ne.

Amma ita tafasar kanta suna ɗaya ne a kan nau'i biyu, Senna obtusifolia da Senna tora, waɗanda har masana sun daɗe suna haɗa su. Raba su sai an duba wani ɗan ƙullutu da ke kan tsinken ganye: a ta farko yawanci tsakanin ganye biyu na ƙasa kawai yake, a ta biyu yana nan a jeri biyu na ƙasa. A jikin ƙwaya kuma akwai wani tabo dogo, siriri a ta farko, mai faɗi a ta biyu. Irin wannan ne aikin gane nau'i, kuma ba kowa ne yake bukatarsa ba. Wanda ke son sanin ko ciyawar da ta cika masa gona ce, sunan jinsi ya ishe shi.

Zan iya shuka irin in ga abin da zai fito?

Hanya ce mai kyau ga mai haƙuri. Ciyawa mai shekara ɗaya za ta yi fure cikin wata biyu ko uku, bishiya kuwa sai shekaru, ko da yake ganyenta kaɗai zai taimaka. Kada ganye biyu na farko su rikita ka, ba sa kama da na gaskiya, jira na uku da na huɗu.

Ƙwayoyin dangin wake da yawa suna da fata mai tauri da ruwa ba ya ratsawa, suna iya kwanciya shekaru ba su tsiro ba. Goga gefe ɗaya da takardar yashi, nesa da cibiya, har launin ciki ya fara bayyana, sannan a jiƙa kwana ɗaya. Wadda ta kumbura ta shirya. Wasu ba za su fito ba ko me ka yi: irin okid sai da taimakon wata fumfuna, na ƙuduji kuma sai ya ji saiwar tsiron da zai kama.

A tukunya ake wannan gwaji, ba a fili ba. Prosopis juliflora, wani itace mai ƙaya da aka kai ƙasashe da dama don inuwa da tare hamada ya mamaye makiyaya a Habasha, Kenya da Indiya, kuma ta kwanso yake yaɗuwa, dabbobi su ci su watsa. Idan abin da ya fito ba ka so, cire shi kafin ya yi iri. Ragowar kwanson da ba a sani ba ma kada a watsar a gona ko a juji, a ƙone.

Ƙwayoyin duk da huji, wani kuma na buɗe babu iri sai tsutsa.

Zagayayyen huji mai tsafta aikin ƙwaron iri ne, dangin wanda ke cin wake a ajiya. Uwar tana yin ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta girma a cikin ƙwaya, ta huda ta fita. Bai hana a gane tsiron ba, shuka ce dai ba za ta yi ba.

Idan kuwa babu ɗinki, babu ragowar fure, babu alamar inda iri ya taɓa mannewa, sai rami da tsutsa, to mai yiwuwa ba kwanso ba ne tun farko. Wasu ƙwari suna sa tsiro ya yi ƙullutu a reshe ko ganye don 'ya'yansu su zauna, ana yawan ganin haka a sabara. Gidan ƙwan ƙoƙi-ƙoƙi da ke manne a kara ma yana rikita mutane.

Me ya sa littafi biyu suka ba ni suna biyu na abu ɗaya?

Sunayen kimiyya masu kalma biyu sun kafu ne daga aikin Carl Linnaeus, masanin tsirrai ɗan Suwidin, na 1753, amma ana sake su idan bincike ya nuna cewa an haɗa abin da bai kamata a haɗa ba. Tafasa da rai-ɗore a tsofaffin littattafai Cassia suke, a 1982 aka ware su zuwa Senna. Bagaruwa ta daɗe tana Acacia nilotica, yanzu Vachellia nilotica ce, bayan doguwar muhawara da aka yanke a taron masana tsirrai na birnin Biyana a 2005, aka kuma tabbatar a birnin Melbon a 2011, inda aka bar wa 'yan uwanta na Ostireliya sunan Acacia. Har yau akwai masanan Afirka da ba su ji daɗin hukuncin ba, kuma suna da hujja. Duk sunan da ka samu, ka neme shi a shafin Kew, zai nuna maka wanda ake amfani da shi yanzu da tsofaffin.

Na yi duk wannan ban gane ba. Wa zan kai wa?

Ma'ajiyar busassun tsirrai, wadda ake samu a sashen nazarin tsirrai na jami'o'i da cibiyoyin binciken daji. A can ana kwatanta abin da ka kawo da samfuran da aka riga aka tantance. Ta Kew kaɗai tana da samfuri kusan miliyan bakwai. Akwai kuma gwajin ƙwayoyin gado, inda tun 2009 aka amince da sassa biyu, rbcL da matK, a matsayin ma'auni ga tsirrai, amma yana bukatar ɗakin gwaji, kuma shi ma a wasu jinsunan a jinsi yake tsayawa.

Kafin ka je, yanko reshe mai tsawon kamar santimita 30 da ganye da kwanso a jiki, ka shimfiɗa tsakanin takardun jarida, ka danne da abu mai nauyi, kana sauya takardar kullum har ya bushe. Kwanso mai kauri a busar da shi daban a ambulan, a sa masa lamba ɗaya da ta reshen. Rubuta ranar da ka ɗauka, wurin, irin ƙasar, tsayin tsiron, ko yana fitar da ruwa ko wari, da launin da kwanson yake da shi yana ɗanye, don duk waɗannan suna ɓacewa idan ya bushe. A gandun daji mai kariya ba a ɗiba sai da izini, kuma ƙasashe da yawa ba sa barin a shigo da iri ta kan iyaka ko ta gidan waya sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Idan masanin yana wata ƙasa, fara aika masa hotuna da bayanan da ka rubuta, shi zai gaya maka ko akwai bukatar samfurin.